MALAMAR MAGANAR HANNU

Shafi na 19

Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce in ban saki shafin nan yau ba za ta biyo ni gida da kujerarta. Zauna abinki 'yar uwa, ga shi nan. Ku kuma sababbin shigowa ku matso kusa, ba za a bar ku a baya ba.

*

Kwana tara ke nan Malama ba ta ɗaga wayar Maman Ummi ba.

Kwana tara. Maman Ummi ta kira har wayar ta yi zafi a kunnenta, ta tura saƙo har ta rasa kalmar da ba ta rubuta ba. Shiru kake ji.

Ga shi komai ya kankama. Ta ajiye aikinta na sakatariya, ta mayar da tsohon gidan mahaifinta makarantar yara kurame, duk saboda Ummi, 'yarta ɗaya tilo mai shekara takwas da ba ta ji, ba ta magana. Ajujuwa biyu sun sha fenti. An jera benci. Iyaye goma sha ɗaya sun kawo 'ya'yansu an rubuta sunayensu.

Abu ɗaya ya rage. Ma'aikatar ilimi ba ta ba da izini sai ɗaya daga cikin masu makarantar yana da takardar shaidar koyar da kurame. Ita ba ta da ita. Malama, abokiyar tafiyarta, ita ke da ita.

Ranar Alhamis masu dubawa za su zo.

Yau Litinin.

Shi ya sa da rana tsaka ta tsinci kanta a ƙofar gidan Malama, fayil a hammata, Ummi riƙe da bakin mayafinta. Sai da ta ƙwanƙwasa sau uku kafin Baba Direba, mijin Malama, ya buɗe ƙofar rabi ya leƙo da kai.

"A'a, Maman Ummi. Ina wuni?"

"Lafiya lau, Baba. Malama fa?"

"Ba ta nan."

Ta kalli ƙasa. Ga takalman Malama nan a bakin ƙofa, baƙaƙen nan masu ɗan tudu da ba ta fita ko'ina sai da su.

"Baba, ga takalminta."

Tsohon ya bi takalman da kallo kamar yau ya fara ganinsu, ya sosa ƙeya.

"To, ni dai an ce in ce ba ta nan, na kuma faɗa. Shekara arba'in ina tuƙi ban taɓa iya yi wa ɗan sanda ƙarya ba, yanzu da tsufana za a ɗora min? Shigo, 'yata. Amma don Allah ki bi ta a hankali."



Falon da duhu-duhu, an saki labule duka. Malama na zaune a kujerar da ta saba zama, hannayenta biyu a kan cinya, babu littafi, babu biro. Matar da ko shayi take sha sai da takarda a ɗaya hannun.

Maman Ummi ta durƙusa ta gaishe ta.

"Lafiya lau," in ji Malama, ba ta ko juyo sosai ba. "Na san za ki zo."

"Malama, me na yi miki?"

"Ba ki yi min komai ba."

"To me ya sa kika daina ɗaga wayata?"

"Saboda ba ni da abin da zan ce miki."

"Ranar Alhamis fa za su zo. Ga takardun nan, sa hannunki kawai ya rage. Wuri uku ne, na ma sa miki alama da fensir."

Ta buɗe fayil ɗin ta miƙa. Malama ba ta karɓa ba.

"Mayar da shi. Na fasa."

"Kin... kin me?"

"Na fasa. Ki nemi wani."

Maman Ummi ta zame ta zauna daɓas a kan kafet.

"Wani? Wa, Malama? Wa zan nema a kwana uku? Wata bakwai na yi ina yawo kafin Allah Ya haɗa ni da ke, ke ma kin sani! Yayana na fara samu, ya ce mu cika ajin da yara masu ji, kuramen a ware musu benci ɗaya a baya. Na koma wajen ƙawata, ita kuma hoto kawai take so, a jera yaran a ɗauka a watsa duniya ana tausayinsu. Na samu wancan mai takardar, mai ƙaton gilashi, ya zo gwaji ya juya wa yara baya yana rubutu a allo yana ta zuba bayani. Kurame fa! Minti ashirin yana yi wa bango lacca!"

Ko murmushi Malama ba ta yi ba, alhali duk ranar da aka tuna mai gilashin nan sai ta yi dariya har da hawaye.

"Sai ke," in ji Maman Ummi. "Ranar da muka fara haɗuwa, durƙusawa kika yi a gaban Ummi kika motsa hannu, yarinyar nan ta ƙyalƙyale da dariya. Kika ɗago kika ce min, 'Ta ce ki daina saya mata rawayen kaya, ba ta son su.' Shekara nawa ina saya mata, ina ɗauka su take so! A ranar na san na samu wadda zan yi tafiyar nan da ita. Yanzu ki ce min wani?"

"Ki yi haƙuri."

"In sunan makarantar ne bai yi miki ba, a canza. In shugabancin kike so, ki riƙe, ni sharar aji ma ta ishe ni. In gajiya ce, ki zo da safe kawai. Faɗa min abin da kike so!"

"Ba na son komai."

"To ni ce ba kya so?"

Malama ta kawar da kai gefe.

Maman Ummi ba ta san lokacin da muryarta ta ɗaga ba.

"Ke fa kika ce in ajiye aikina! A kujerar nan kike zaune kika ce, 'Ajiye, 'yata, muna tare.' Na ajiye! Na bi gida-gida ina roƙon iyaye su fito da yaran da suka ɓoye a ɗaki. Akwai wadda shekararta sha biyu ba ta taɓa riƙe fensir ba, uwarta ta ɗinka mata kayan makaranta tun watan jiya, kullum sai ta saka ta tsaya a bakin ƙofa. Me zan je in ce musu? In ce Malama ta fasa, ku mayar da su ɗaki?"

"Maman Ummi..." Baba Direba ya faɗa a hankali daga bakin ƙofa.

"A'a Baba, ka bar ni! Ta faɗa min laifina!"

Duk wannan abin da ake yi, Ummi ba ta san ana yi ba.

Tun shigowarsu ta saki mayafin uwarta ta zagaya gefen hagun Malama, inda ta saba tsayawa. Ta ɗaga hannu ta yi gaisuwa.

Malama ba ta amsa ba.

Ta sake yi, da murmushi, har da ɗan rangaji.

Malama na kallon gabanta.

Yarinyar ta ƙara matsowa, ta kaɗa hannu a daidai kafaɗar Malama, ta kaɗa, ta kaɗa. Murmushin ya fara gushewa daga fuskarta. Ta kalli uwarta, ta kalli Malama. Sai ta buga ƙafa a ƙasa, ta saki ɗan sautin nan da take fitarwa daga maƙogwaro in ranta ya ɓaci.

Malama ta zabura.

Ta juya kanta gaba ɗaya, tana lalube da ido, sama, ƙasa, kafin ta tsaya a kan fuskar yarinyar.

"Innalillahi... da Ummi kika zo?"



Maman Ummi ta kalli 'yarta. Tafin hannu ɗaya ne tsakanin Ummi da kafaɗar Malama. Tun ɗazu take tsaye a wurin.

"Malama... ba ki gan ta ba?"

Malama ta runtse ido. Hawaye suka gangaro ta gefe biyu.

"Faɗa mata kawai," in ji Baba Direba. "Wallahi na gaji da ɓoyon nan."



"Idona ne, 'yata. Tafiya yake yi."

"Tafiya ina?"

"Hawan jinin ido ne. Ya daɗe yana cina ban sani ba, ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. Ta gefe yake farawa. Yanzu in ina kallonki kamar mai leƙe ta cikin bututu nake, fuskarki kawai nake gani, kafaɗunki babu. Na hagun ya riga ya tafi. Na daman ne ya rage, shi ma likita ya ce kullum ramin ƙara tsukewa yake."

"Tun yaushe kika sani?"

"Na daɗe ina zargi. Ina buge ƙofa, ina zubar da kofi, ina cewa tsufa ne. Kwana tara da suka wuce aka tabbatar min."

Maman Ummi ta rarrafa ta kama gwiwoyinta. Duk faɗan da ta zo da shi ya bi iska, sai kunya da ta lulluɓe ta.

"Ki yafe min, Malama. Ki yafe min bakina. Mu tashi mu je asibiti yanzu, akwai wani babban likitan ido da..."

"Uku muka gani."

"A yi aiki mana!"

"Jijiyar ce ta mutu. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Magani suka ba ni in riƙa ɗigawa, ko Allah zai sa sauran ya ɗan jima."

"Gilashi fa?"

Malama ta yi wata dariya marar daɗi.

"Shekara talatin da ɗaya ina sauraron yara da idona. Ni kunnena a nan yake," ta nuna idon da yatsa. "Yanzu ni ce kurmar a cikinsu."

Ummi ta ga hawaye. Ta dawo gaban Malama sosai, hannayenta suka shiga motsi da sauri, sama da ƙasa, dama da hagu.

"Riƙe mata hannu," Malama ta ce da sauri. "Nuna mata ta yi a hankali, ta yi kusa da fuskarta. Hannun yana fita daga inda nake gani."

Maman Ummi ta kama hannayen 'yarta, ta rasa yadda za ta yi mata bayani. Ta nuna idon Malama. Ta yi alamar ciwo. Iyakar abin da ta iya ke nan.

Ummi ta tsaya tana kallonsu, ɗaya bayan ɗaya.

Sai da Maman Ummi ta share fuska da bakin mayafi sannan ta sake jawo fayil ɗin.

"To Malama, ki sa hannun kawai. Ki zauna a ofis, ba sai kin shiga aji ba. Takardarki suke son gani, ba idonki ba. Ni zan shiga ajin."

"Ke?"

"Ni. Ai ina koyo."

"Kalma nawa kika iya?"

Ta sunkuyar da kai.

"Za su kai saba'in."

"Ummi ta haura dubu. Ci, sha, zo, tafi, bari, da su za ki koyar da lissafi? Ke da 'yar cikinki ma rabin hirarku gyaɗa kai kike yi, kina tsammanin ban lura ba?"

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce.

"Kuma ba zan sa hannu a kan ƙarya ba," Malama ta ci gaba. "Yaro zai ɗaga hannu ya ce cikinsa na ciwo, ko wani ya taɓa shi inda bai dace ba, ke ba ki gane ba, ni ban gani ba. A gida an yi musu haka, a makarantar ma a yi musu? Gara kar a buɗe."

"In Alhamis ta wuce sai baɗi, Malama. Haka suka ce. Baɗi kuma wa ya san inda yaran nan za su kasance?"

"Na sani."

"To ya zan yi?"



"Ya zan yi?" ta sake faɗa, wannan karon ba da kowa take ba. Ta kifa kai a hannun kujera. Ta tuna bencinan da ta goge da hannunta jiya, da ƙananan madubai da Malama ta sa aka kafa a bango don yara su riƙa ganin hannayensu. Ta laluba ko'ina a cikin kanta, ba ta ga ƙofa ko ɗaya ba.

Baba Direba ya yi gyaran murya.

"Ki gaya mata ɗayar maganar mana."

"Malam, ka bari."

"Ba zan bari ba. Yau ranar fasa ƙwai ce, a fasa duka a huta."

Maman Ummi ta ɗago da jajayen idanu.

"Wace magana?"

Malama ta murza yatsunta, ta saki, ta sake murzawa.

"Akwai mutum ɗaya."

"Mai takarda?"

"Mai takarda. Ɗalibina ne a kwalejin da na koyar kafin in yi ritaya. Da rana yana aikin gyaran wuta, da yamma ya zo aji da kayan aikinsa a jaka. Shekara uku bai taɓa fashi ba. A duk waɗanda na koyar ban ga mai hannu irin nasa ba, in yana ba yara labari ko ƙiftawa ba sa yi. Ba ya neman suna, ba ya neman shugabanci. Halinku ma ɗaya, ku biyun akwai taurin kai."

Maman Ummi ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

"Malama! Kina da irin wannan kika bar ni ina kuka? Ina yake? Ba ni lambarsa, yanzun nan zan je in same shi, ko ƙafarsa ce in kama!"

"Ba za ki yarda da shi ba."

"Wallahi ko waye shi na yarda!"

"Kar ki rantse."

"Na rantse! Ina yake?"

Malama ta juya kanta a hankali wajen ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen falon, ɗakin da take yi wa Ummi darasi duk ranar Asabar in uwarta ta kawo ta ta tafi.

"Yana ciki. Tun da idon ya matsa min shi ke zuwa yana karanta min takardun asibiti." Ta ɗaga murya kaɗan. "Fito. Ɓoyon ya isa haka."

Ƙofar ta buɗe.

Hannayen ta fara gani. Dogayen yatsu, da tabon ƙuna a bayan na dama, tabon da ita da kanta ta yi jinyarsa wata guda tana shafa masa magani.

Fayil ɗin ya suɓuce daga hannunta, takardu suka watse a ƙasa.

Baban Ummi ne.

Mutumin da ya fita daga gida mako ɗaya bayan likita ya ce musu Ummi ba za ta taɓa ji ba. Ya ce zai je ya sha iska. Shan iskar da bai dawo ba ke nan, sai ƙaninsa ne ya kawo mata takardar saki a ambulan. Shekara shida ba ta sa shi a ido ba, ba ta kuma yarda an ambaci sunansa a gabanta ba.

Ya rame. Furfura ta fito masa a gemu. Ya tsaya a bakin ƙofar ya kasa haɗa ido da ita.

"Kai?" Ta juya. "Malama, shi? Kin san ko waye wannan?"

"Na sani. Ranar da ya fara zuwa ajina na tambaye shi me ya kawo shi, ya ce yana da 'yar da yake son ba wa haƙuri, kuma ba ta jin magana. Ban san 'yarki ba ce sai bayan da muka haɗu da ke."

"Kika yi shiru?"

"Na yi shiru. Ina jiran ranar da zuciyarki za ta yi sanyi, sai idona ya riga ta."

Maman Ummi ta miƙa hannu za ta jawo 'yarta su fice.

Hannunta ya kama iska.

Ummi ta riga ta ruga. Ta faɗa jikinsa da gudu, irin faɗawar wanda aka saba da shi, ta ja da baya tana dariya, ta yi alama ɗaya da hannu. Alamar tana cikin saba'in ɗin da Maman Ummi ta sani.

Baba.

"Tun yaushe?" Maman Ummi ta tambaya.

"Wata biyar," in ji Malama a hankali. "Duk Asabar. Ta sha gaya miki in kun koma gida. Ta ce min kullum sai ki yi murmushi ki gyaɗa kai."

Baban Ummi ya durƙusa a gaban yarinyar. Hannayensu suka shiga magana, nata da nasa, da sauri kamar ruwa, tana yi yana amsawa, tana ɓata fuska yana girgiza kai. Maman Ummi na tsaye a kansu kamar baƙuwa. Shekara takwas tana goyo, tana jinya, tana hana idonta barci, ga shi ana hira da 'yarta a gabanta ko kalma ɗaya ba ta tsinta ba.

Can Ummi ta juyo.

Ba dariya a fuskarta yanzu. Ta tako har gaban uwarta, ta ɗaga hannu ta yi wata doguwar magana, a hankali, tana kallon cikin idonta. Ta gama ta tsaya tana jiran amsa.

Maman Ummi ta gane "Mama". Ta gane "ni", ta gane "Baba". Sauran duk ya wuce ta.

Ta kalli Malama.

"Ban gani ba, 'yata," Malama ta ce. "Ta ba ni baya."

Ta kalli Baba Direba, ya buɗe tafukan hannunsa, shi bai iya ba.

Mutum ɗaya ne ya rage a falon.

Ba tare da ta kalle shi ba, ta yi masa maganar farko a cikin shekara shida.

"Me ta ce?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake! Me 'yata ta ce?"

Ya ɗago a hankali, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Tambayarki take yi."

"Tambayar me?"

"Ta ce... Mama, me ya sa kika ce min Babana ya mutu?"